Littattafan almara da soyayya na matasa: ina aka kai zaɓin jaruma?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wani nau'in littattafai da ya mamaye hannun matasa a sassan duniya, wato ƙagaggun labaran almara da na soyayya waɗanda ake rubutawa musamman domin waɗanda suka fita daga ƙuruciya amma ba su kai ga zama manya ba. Duk lokacin da maganar waɗannan littattafai ta taso, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce shirme ne tsagwaronsa, ɓata lokaci da ɓata tarbiyya; wasu kuma su kare su ido rufe, suna cewa in dai yaro ya ajiye waya ya ɗauki littafi, to ko me ke ciki an ci riba. Ni ban gamsu da ko ɗaya daga cikin ɓangarorin nan ba, domin duka biyun sun tsallake abin da ya kamata a duba. A ganina, ma'aunin littafin matasa shi ne ko marubuci ya bar wa jaruminsa ko jarumarsa ikon zaɓi, sannan ya sa su ɗauki nauyin abin da suka zaɓa. Idan aka ɗora littattafan nan a kan wannan ma'auni, sai a tarar ɓangaren almara ya fi yawan rinjaye, ɓangaren soyayya kuwa, a da yawa daga cikin waɗanda suka fi kasuwa, ya yi sakayau ƙwarai.

Yana da kyau a fara da sanin cewa wannan rukuni na littattafai ba wani tsohon abu ba ne, kuma masu buga littattafai da ma'aikatan ɗakunan karatu ne suka shata masa iyaka. Reshen ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka mai kula da matasa ya ɗauki 'yan shekara 12 zuwa 18 a matsayin mutanensa. An daɗe ana rubuta musu labarai, amma kasuwar ba ta tumbatsa ba sai bayan fitowar littafin farko na Harry Potter a Ingila a 1997, sai Twilight na Stephenie Meyer a 2005, sai The Hunger Games na Suzanne Collins a 2008. Bayan waɗannan uku, kamfanonin buga littattafai suka gane cewa labarin yarinya 'yar shekara sha shida ko sha bakwai da ta tsinci kanta cikin wata duniya mai sihiri ko mai zalunci, kuma ga saurayi ko samari a gefenta, haja ce da ba ta kwantai. Daga nan aka shiga rige-rigen maimaita abin da ya karɓu.

Masu cewa almara ƙarya ce kawai, ba ta da abin koyarwa, ina so su duba wani littafi da ya girmi duk waɗannan, A Wizard of Earthsea na Ursula Le Guin, wanda ya fito a 1968. Jarumin labarin yaro ne mai suna Ged, mai baiwa da kaifin basira, wanda aka tura makarantar koyon sihiri a wani tsibiri. Akwai wani ɗalibi da ke yi masa kallon raini, shi kuwa Ged zuciya ta ɗebe shi, ya yi cika bakin cewa zai kirawo ruhin wadda ta daɗe da mutuwa domin ya nuna wa abokin hamayyarsa iyakarsa. Ya kira ɗin, amma tare da ruhin sai wata inuwa marar suna ta kutso cikin duniya, ta yage masa fuska, shugaban makarantar kuma ya ƙarar da ƙarfinsa wajen toshe ɓarakar har ya rasa ransa. Sauran littafin duka labarin yadda yaron ya yi ta gudun wannan inuwa ne daga tsibiri zuwa tsibiri, har tsohon malaminsa ya ba shi shawarar ya daina gudu ya juya ya fuskance ta. Da ya cim mata a ƙarshen teku, sai ya kira ta da sunansa na kansa, domin ya gane cewa girman kansa da mugun halinsa ne yake ta gudu tun farko.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan littafi shi ne, babu wanda ya tilasta wa Ged yin abin da ya yi. Malamansa sun gargaɗe shi cewa kowane aikin sihiri yana taɓa daidaiton duniya, cewa ruwan saman da ka jawo wa wata ƙasa na iya zama fari a wata. Ya ji, ya yi kunnen uwar shegu, ya zaɓa, kuma tabon ya zauna a fuskarsa har ƙarshen labari, mutumin da ya mutu dominsa bai dawo ba. Yaro ɗan shekara sha huɗu da ya karanta wannan ya samu abin da wa'azin awa guda kan girman kai ba lallai ya ba shi ba, domin ya zauna cikin zuciyar mai girman kan, ya ji daɗin cika bakin tare da shi, sannan ya sha ɗacin abin da ya biyo baya tare da shi. Almara tana iya yin wannan fiye da labarin yau da kullum, saboda tana ɗaukar abin da ke ɓoye a zuciya ta ba shi jiki da ƙafafu, ta sa shi ya bi mutum a guje.

Ban manta da damuwar iyayen da ambaton sihiri kansa ke tayar musu da hankali ba, kuma ba a wuri ɗaya kaɗai ake da wannan damuwa ba. A Amurka ma, jerin littattafan Harry Potter su ne suka zo na ɗaya a lissafin ƙungiyar ɗakunan karatu na littattafan da aka fi kai ƙorafi a kansu tsakanin 2000 da 2009, kuma yawancin ƙorafin a kan batun maita da tsafi ne. Kowane uba da kowace uwa suna da haƙƙin duba abin da ke shiga gidansu. Abin da zan ce kawai shi ne, yaron da ya taso yana jin tatsuniya ya san bambancin abin da ake faɗa domin labari da abin da ake faɗa domin a gaskata, kuma ban taɓa jin tsoron cewa mai karatu zai rufe littafi ya nemi sandar tsafi ba. Abin da ya fi saurin bin mai karatu gida shi ne abin da ya yi kama da rayuwarsa, wato yadda mutane ke mu'amala da juna a cikin labarin, kuma a nan ne soyayya ta shigo.

Kafin in kai gare ta, dole in faɗi cewa almarar ma tana da nata rauni, kuma raunin ya yi yawa a littattafan baya-bayan nan. Sau da yawa za ka tarar da yarinya marainiya, talaka, wadda kowa ke wulaƙantawa, sai a tsakiyar littafi a gano cewa jinin sarauta ce da aka ɓoye, ko kuma wata tsohuwar annabta ta ambace ta tun kafin a haife ta. Daga nan ƙarfinta ya yi ta ƙaruwa babi bayan babi ba tare da ta biya komai ba: yau ta iya sarrafa wuta, gobe ruwa, jibi ta tayar da matacce. Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma waɗannan jarumai a zaune ake kawo musu nasara. Saƙon da ke ƙarƙashin irin wannan labari bai yi mini daɗi ba, domin yana nuna wa mai karatu cewa daraja a jini take, kuma wanda ba a rubuta sunansa cikin annabta ba ɗan rakiya ne kawai.

Ba na adawa da soyayya a littafin matasa, kuma ina ganin wanda ya ce a cire ta gaba ɗaya bai yi wa kansa adalci ba, domin a shekarun nan ne zuciya ke fara tambayoyin da ba ta iya yi wa kowa. Akwai ma inda soyayya ke ƙara wa labari nauyi. The Hunger Games labarin hasashen wata muguwar gwamnati ne, ba na sihiri ba, amma a kantar littattafai ɗaya ake jera shi da sauran. Katniss, 'yar shekara 16, ita ta miƙa kanta a madadin ƙanwarta 'yar shekara 12 domin shiga gasar da ake tara yara 24 su kashe juna ana nunawa a talabijin. Yaron da aka ɗauko tare da ita daga yankinsu ya furta a gaban 'yan kallo cewa yana sonta, ita kuwa ta lura cewa duk lokacin da ta nuna masa ƙauna a gaban kyamara, masu kuɗin da ke kallo sukan aiko musu da taimako. Sai ta shiga nuna soyayyar domin su rayu, har ta kai ita kanta ta kasa bambance wane ɓangare ne wasa, wane ne gaskiya, kuma da yaron ya gane haka a ƙarshen littafin farko, ransa ya ɓaci ƙwarai. A nan yarinyar ta yi zaɓi, zaɓin ya ceci rai, ya kuma raunata zuciyar wani. Marubuciyar ba ta wanke ta ba, ba ta kuma la'ance ta ba, ta bar mai karatu da nauyin abin.

To a kwatanta wannan da Twilight, wanda na ambata ne saboda shi ya zama abin koyi ga ɗaruruwan littattafai bayansa. Jarumar, Bella, 'yar shekara 17 ce, saurayin kuma, Edward, yana cikin halittun nan masu shan jini da ba sa tsufa. An haife shi a 1901, ya tsaya a kamannin ɗan shekara 17 tun 1918, wato ya haura shekara ɗari lokacin da suka haɗu a makarantar sakandare. Yakan shiga ɗakinta da dare ba da saninta ba ya zauna yana kallonta tana barci, kuma da ta gano haka, abin da ya fi damunta shi ne ko ya ji abin da take faɗa cikin magagin barci. A littafi na biyu, da ya rabu da ita ya tafi, marubuciyar ta nuna halin da yarinyar ta shiga ta hanyar barin shafuka huɗu babu komai a kansu sai sunayen watanni, daga Oktoba zuwa Janairu. A matsayin dabarar rubutu abin ya yi kyau, na yarda, amma a duba abin da yake cewa: wata huɗu na rayuwar yarinya mai uba, mai makaranta, mai ƙawaye, ba su cancanci ko jimla ɗaya ba saboda saurayi ba ya nan. Daga baya ma ta shiga jefa kanta cikin haɗari da gangan don kawai ta riƙa jin muryarsa a kunnenta. A littafi na uku kuwa, da ta yi niyyar ziyartar wani abokinta wanda Edward bai amince da shi ba, sai ya lalata injin motarta don kada ta fita.

Idan wata yarinya ta zo ta ba babbar yayarta labarin saurayi mai irin waɗannan halaye, mai leƙen ɗakinta, mai hana ta zuwa inda take so, mai yanke hukunci a madadinta yana cewa don kare ta ne, yayar ba za ta kira wannan ƙauna ba. A cikin littafi kuwa an lulluɓe shi da kyawun fuska da daɗin baki, an kuma tsara labarin yadda kusan kullum akwai haɗari na gaske a waje, saboda haka takurawar ta fito kamar tana da hujja. Wannan ita ce dabarar da ta fi damuna, domin marubuci ne ke da ikon ƙirƙirar haɗarin, shi ne kuma ke amfani da shi ya halatta wa saurayi mallake yarinya.

Akwai wata dabara da ta fi wannan kashe zaɓi, wadda ta yaɗu a littattafan da suka gauraya almara da soyayya, wato a ce wani ɗaurin sihiri ya riga ya haɗa mutum biyu tun fil azal, da zarar sun haɗa ido sai jikinsu ya shaida musu cewa an halicce su ne domin juna. A jerin Twilight ɗin ma an kai abin maƙura a littafin ƙarshe na 2008, inda irin wannan ɗauri ya kama wani saurayi a kan jaririya sabuwar haihuwa. Ga marubuci, wannan hanya ce mai sauƙi, domin ta ɗauke masa wahalar nuna dalilin da ya sa mutum biyu suka dace: ba sai ya nuna hirarsu ba, ba sai ya nuna yadda suke saɓani su shirya ba, ba sai ya nuna abin da kowannensu ya gani a halin ɗan'uwansa ba. Ga mai karatu kuwa asara ce, domin tambayar da matashi ya fi buƙatar ya koyi yi wa kansa ita ce, wane ne wannan mutum, kuma yaya yake yi da ni da sauran mutane idan ransa ya ɓaci? Labarin da ya ce sihiri ya riga ya amsa wannan tambaya ya hana jarumarsa yin tunani, kuma ko mutumin ya wulaƙanta ta, ficewa ta zama kamar saɓa wa halittarta.

Haka nan salon da ake yayi yanzu na gaba da ke rikiɗewa ta koma soyayya. Salon ba sabo ba ne, kuma ba laifi ba ne a kan kansa. A Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito tun 1813, Elizabeth ta ƙi tayin auren Darcy a karon farko, ta kuma faɗa masa dalilanta ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Shi ya koma ya gyara halinsa, ita ma ta gano inda ta yi masa mummunar fahimta, sannan suka daidaita. Dukansu biyu sun canja, kuma mai karatu ya ga canjin da idonsa. A yawancin na zamani kuwa, saurayin ya ɗora mata wuƙa a maƙogwaro a babi na uku, ya tsare ta a fadarsa a babi na goma, sai a babi na ashirin a ba mu labarin irin wahalar da ya sha yana yaro, shi ke nan an yafe. Bai nemi gafara ba, bai daina komai ba, an dai sanar da mu dalilinsa. Wahalar ƙuruciya tana iya bayyana mugun hali, amma ba ta goge shi, kuma littafin da ya koya wa yarinya cewa aikinta ne ta warkar da mai cutar da ita ya ɗora mata kayan da ba nata ba. Batun samari biyu a kan yarinya ɗaya ba zan ɓata muku fili a kansa ba. Yawanci tun daga bangon littafi an san wanda zai yi nasara, ɗayan an ajiye shi ne don a ja labarin ya kai littafi uku.

Duk da haka, ba na cikin masu yi wa 'yan mata dariya saboda suna son waɗannan littattafai, kuma na lura cewa abin da 'yan mata ke so ya fi saurin shan ba'a fiye da abin da samari ke so, ko da shirmen ɗaya ne. Masu karatun ba wawaye ba ne. Da yawansu sun san sarai cewa saurayin cikin littafi ba abin aure ba ne, suna jin daɗin tsoron ne daga nesa, kamar mai kallon gobara daga tsallaken kogi. Mafi zafin sukar da na gani a kan waɗannan halaye ma daga bakin masu karatun kansu ta fito, waɗanda suka so littafin suna 'yan sha huɗu, suka sake buɗe shi suna 'yan ashirin da wani abu suka ga abin da ba su gani ba a da. Damuwata tana kan maimaici ne. Littafi ɗaya ba ya gina tunanin mutum, amma idan talatin a jere suka nuna cewa kishi mai tsanani shi ne alamar so, kuma wanda ke girmama ra'ayinki shi ne mai gundura da za a bari a ƙarshe, to abin yana iya zama ma'aunin da yarinya ke auna mutanen gaske da shi ba tare da ta sani ba.

Me ya sa ake ta maimaicin? A nan dole a dubi kasuwa. Wani bincike da kamfanin Bowker, mai tattara bayanan kasuwar littattafai, ya fitar a 2012 ya nuna cewa kashi 55 cikin ɗari na masu sayen littattafan da aka ware wa matasa a Amurka mutane ne 'yan shekara 18 zuwa sama, kuma mafi yawansu don kansu suke saya. Manya ke da kuɗi, saboda haka sannu a hankali ɗanɗanon manya ya fara juya akalar abin da ake bugawa da sunan yara. Jerin littattafan Sarah J. Maas da ya fara da A Court of Thorns and Roses a 2015 misali ne a fili: an fara sayar da shi a sashen matasa, amma da labarin ya ci gaba, bayanin kwanciyar masoya ya yi ta fitowa ƙarara, har daga baya aka sauya masa bango aka mayar da shi sashen manya. Fourth Wing na Rebecca Yarros, wanda ya fito a 2023, tun farko na manya ne, amma yana da makarantar horo, da dodanni masu fukafukai, da jaruma matashiya, wato duk alamomin da yarinya 'yar sha uku ta saba gani a littattafanta. A dandalin TikTok, inda gajerun bidiyon masu karatu ke iya ɗaga littafi sama cikin 'yan kwanaki, ba a cika tsayawa bambance na manya da na yara ba, kuma ana tallata littafi ne da jerin abubuwan da ke cikinsa: akwai gaba da ta koma so, akwai saurayi mai duhun zuciya, akwai ɗaurin ƙaddara. Idan mai saye yana neman waɗannan da sunansu, marubuci mai neman abin kansa zai zuba su ko labarin bai buƙace su ba.

Yadda ake rubuta wasu daga cikin labaran ma yana da hannu. A manhajoji irin su Wattpad, wadda aka kafa a Kanada a 2006, marubuci yana sakin labari ne babi-babi, masu karatu suna bayyana ra'ayinsu nan take. Wannan ya buɗe wa dubban matasa ƙofar rubutu, abin a yaba ne, kuma daga can ne After na Anna Todd ya taso har ya zama littafin bugawa da fim. Amma wanda ke son a dawo masa gobe dole ya rufe babin yau da abin da zai hana barci, kuma babu abin da ya fi sauƙin samarwa irin faɗa tsakanin masoya: a yi rikici, a rabu, a yi kuka, a shirya, a sake. Zaman lafiya da fahimtar juna ba sa tara masu karatu kamar yadda rigima ke tarawa, don haka sai dangantaka mai guba ta zama ita ce injin da ke jan labarin.

Waɗanda suka fi asara a wannan yanayi su ne 'yan shekara 12 zuwa 14, waɗanda suka wuce littattafan yara amma aka cika kantarsu da abin da aka rubuta da manya a zuci. Haka kuma abota ta yi ƙaranci a labaran, ƙawar jaruma ba ta da aiki sai sauraron zancen saurayi, iyaye kuwa ko an kashe su tun shafin farko ko an mayar da su marasa wayo, abin da na fahimci dalilinsa, tunda yaron da ke da uwa mai sa ido ba zai samu damar zuwa yaƙar dodo ba, amma ya yi yawa. A gefe guda, na yi murna da yadda duniyoyin almarar suka faɗaɗa suka wuce fadojin Turai na da. Akata Witch na Nnedi Okorafor ya fito a 2011, Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi kuma a 2018, an gina shi a kan al'adun Yarabawa. Sai dai ko a wannan na biyun, jarumar ta faɗa son ɗan sarkin da ya fito farautarta, wato an sauya ƙasa da sunaye da tufafi, amma tsohon zubin soyayyar yana nan daram.

Wasu hukumomi sun zaɓi hanyar haramci. A 2024 jihar Utah ta Amurka ta fitar da sunayen littattafai 13 da ta hana a ajiye a makarantun gwamnati a faɗin jihar, cikinsu har da na Sarah J. Maas da na ambata. Na fahimci cewa littafin manya ba shi da gurbi a ɗakin karatun ƙananan ɗalibai, amma ban ga haramci a matsayin magani ba, domin littafin da aka cire daga kanta yana nan cikin waya, kuma hani yakan ƙara masa farin jini ne. Abin da ya fi amfani shi ne bayani na gaskiya: masu bugawa su rubuta shekarun da littafi ya dace da su a fili, kuma babba ya karanta ko da babi kaɗan ne na abin da ƙanwarsa ko 'yarsa ke karantawa, ya tambaye ta ba da sigar tuhuma ba: me kika gani a wurin wannan saurayi, kuma da ke ce ya yi wa haka, me za ki yi? Amsar da za ta bayar takan ba mutum mamaki, wani lokaci ta kwantar masa da hankali, wani lokaci ta nuna masa inda ya kamata a zauna a yi magana.

Saboda haka, Malam Edita, roƙona gare ku shi ne ku ware wani ɗan fili a jaridarku, ko da sau ɗaya ne a wata, domin sharhin littattafan matasa. Mai sharhin ya faɗa wa iyaye da malamai shekarun da littafin ya dace da su, ya faɗi ko labarin ya kammala ko kuwa sai an nemi na biyu da na uku, ya kuma duba ko sihirin cikinsa yana da farashi, ko jarumar tana da bakin cewa a'a kuma a saurare ta. Zan fi so a riƙa ba matasan kansu damar rubuta wasu daga cikin sharhin, tunda su ne ke karanta littattafan tun daga bango har bango, kuma sun fi mu sanin waɗanda ake yayi a wannan wata.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Ɗaya daga cikin masu karanta jaridarku